Keke da mota a titi ɗaya: daga ina rigimar take tasowa?

Tambayi direba ra'ayinsa a kan masu keke a cikin gari, zai ce maka ba su san doka ba: suna keta danja, suna kurɗawa tsakanin motoci, da dare su fito ba fitila, kuma ga gefen titi a buɗe amma sai mutum ya hau tsakiya ya tsare hanya. Tambayi mai keke, shi ma zai zayyano nasa: motar da ta wuce har madubinta ya kusa shafar gwiwar hannunsa, ƙofar da aka banko masa ba zato ba tsammani, bas ɗin da ta sha gabansa ta taka burki don ɗaukar fasinja. Kowannensu gaskiya ya faɗa. Inda suka yi tarayya a kuskure shi ne ɗaukar lamarin a matsayin rashin tarbiyya kawai, wai da za a samu mutanen kirki a bayan sitiyari da kuma kan sirdi, da an zauna lafiya. Alhali mutumin da ya danna wa mai keke hon da safe, shi ne da yamma in ya hau nasa keken yake tsine wa direbobi. Ni a ganina, mafi yawan wannan faɗa tun a takardar zanen titin aka ƙulla shi.

A fara da abin da ba ya buƙatar gardama. Ƙaramar mota takan kai nauyin tan ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Keke da mahayinsa da ƙyar su haura kilo 100. Mai keke na yau da kullum, mai zuwa aiki ko makaranta, gudunsa tsakanin kilomita 15 zuwa 20 ne a awa, ita kuwa mota ƙasashe da dama sun yarje mata kilomita 50 a cikin gari, kuma wannan ga mai bin doka ke nan. Ƙarfin karo ba ya hawa kafaɗa da kafaɗa da gudu, tsalle yake yi: motar da ke kilomita 50 tana ɗauke da ƙarfin bugu kusan ninki uku na wadda ke 30. A gudun 50 ɗin nan mota tana cin kusan mita 14 a sakan guda. Direban da ya sunkuya duba waya na sakan biyu, kafin ya ɗago ya shafe tsawon motoci shida ido rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Shi ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗarin hanya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda motoci ke cuɗanya da waɗannan mutane.

Wannan bambanci ne ke sa su biyun ba sa jin yaren juna. Kuskuren da zai kai direba wurin mai gyaran jikin mota, shi ne zai kai mai keke ɗakin tiyatar ƙashi. Direba ya wuce a kusa, ya leƙa madubi ya ga mutum na nan a kan kekensa, ya ce a ransa ai ban taɓa shi ba. Shi kuwa wancan ƙafafunsa na rawa a kan feda har ya isa inda za shi. In sun haɗu a danja ta gaba, ɗaya yana ganin an yi masa rashin kunya ba gaira ba dalili, ɗayan yana ganin wanda ya kusa aika shi lahira ne yake masa kallon banza.

Zargin hawa tsakiyar titi ya fi komai ƙona wa direbobi rai, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Ka sauko daga mota ka dubi gefen titi da kyau. Duk abin da tayoyi suka share nan yake taruwa: yashi, tsakuwa, fasassun kwalabe, ƙusoshi. Nan murfin magudanar ruwa yake, wani da tsagar da siririyar tayar keke za ta faɗa ciki ta kafe. Nan kwalta ke fara zaizayewa. Nan kuma motoci ke fakin, kuma ƙofar mota in ta buɗe takan ci kusan mita guda. Mai keken da ya manne da motocin da ke tsaye ya miƙa ransa ga duk wanda ke ciki yana neman fita cikin gaggawa. In ya daki ƙofar, ya sha ƙasa. In ya kauce mata a firgice, ya faɗa gaban motar da ke bayansa. Ga shi keke ba ya tafiya a miƙe sak. Da 'yar karkacewa dama da hagu mahayi yake riƙe daidaitonsa, kuma iyakar raguwar gudu iyakar ƙaruwar karkacewar.

Akwai dalili na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. In ka rakuɓe a can gefe, ka gayyaci direba ya matsa ya wuce ka a cikin layi ɗaya, ko da faɗin bai isa ku biyu ba. In ka ɗan shigo ciki, dole ya jira hanya ta buɗe ya fita ɗaya layin kamar yadda zai yi wa mota. Masu koyar da hawan keke a titi sun daɗe suna koyar da haka, kuma Birtaniya ta rubuta shi ƙarara a ƙa'idojin hanyarta da ta sabunta a Janairun 2022: mai keke ya riƙe tsakiyar layi a ƙananan tituna, da lokacin cunkoso, da in ya doshi mahaɗa. Ƙa'idojin sun kuma ce direba ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi in zai wuce shi. Jamus ta sa wannan tazara a doka a 2020, mita ɗaya da rabi a gari, mita biyu a wajen gari. Faransa mita ɗaya ta ce a gari, ɗaya da rabi a waje. Batun ƙofa ma an samo masa dabara mai sauƙi wadda Birtaniya ta shigar a sabuntawar tata: ka buɗe ƙofar da hannun da ya fi nisa da ita. Yin haka zai juya maka kafaɗa, idonka ya faɗa baya ko ba ka yi niyya ba.

Sai dai ba a miƙaƙƙen titi gizo ke saƙar ba. Mahaɗa ce ke cin mutane, musamman in da babbar mota. Ga yadda abin ke faruwa. Tifa ta tsaya a danja, tsakaninta da bakin titi akwai ɗan fili, mai keke ya ga hanya ya sulale ciki ya tsaya kusa da tayarta ta gaba. Direban yana can sama, ƙasan ƙofarsa da gefen da ba ya zaune ba sa shiga idonsa, madubi ma ba ya kamo duka. Aka ba da hannu. Tifar za ta juya gefen da mai keken yake, amma da yake doguwa ce sai ta fara buɗewa ɗaya gefen don ta samu kwana. Mai keke ya ga fili ya ƙaru, ya ɗauka miƙewa za ta yi, ya taka feda. Sai kan motar ya dawo, tayoyin baya kuma ba sa bin sawun na gaba, ta ciki suke yankowa. Filin ya rufe cikin sakan biyu, bayansa dakali ne ko shingen ƙarfe. Babu wanda ya yi mugunta a nan, amma an yi gawa. Landan ta gaji da irin wannan mutuwa har ta kafa ma'auni na musamman: tun Maris ɗin 2021, motar da ta haura tan 12 ba ta shiga birnin sai da izini, kuma ana auna ta ne da yawan abin da direba ke iya gani kai tsaye ta gilashi. Wadda ta gaza, sai an ɗaura mata kyamara da na'urar gargaɗi. Ga mai keke kuwa, a nan ba ni da sassauci: kada ka taɓa shiga gefen babbar mota a mahaɗa, ko da kai ke da gaskiya. Ka tsaya bayanta, ko ka yi gaba sosai inda za ku haɗa ido da direban.

Bayan haɗari, maganar da aka fi ji daga bakin direba ita ce, “Wallahi ban gan shi ba.” Sau da yawa ba ƙarya yake ba. Ya duba, amma abin da ƙwaƙwalwarsa ke nema shi ne abu mai girman mota, don shi ne zai iya cutar da shi. Siririn abu mai tafiya a hankali sai ya wuce ta cikin idonsa bai tsaya ba, ko ya ɓuya bayan ginshiƙin da ke riƙe da gilashin gaba. A 2003 wani injiniya Ba'amurke, Peter Jacobsen, ya kwatanta alƙaluman birane da ƙasashe, ya nuna cewa inda masu keke suka fi yawa, haɗarin da ke kan kowane ɗayansu ya fi raguwa. Ana muhawara kan sababin, ko yawan ne ke kawo aminci ko amincin ne ke kawo yawan. Amma direban da ke haɗuwa da keke a kowace kwana ya saba nemansa da ido, kuma mai yiwuwa shi ma ko ɗansa suna hawa.

To, keta danja fa? Wasu dalilan ana iya fahimtarsu. Mai keke da ƙarfin cinyarsa yake tara gudu, kowace tsayawa asara ce, kuma tashi tare da motoci a lokaci ɗaya shi ne lokacin da ya fi zama cikin hatsari, don haka yakan so ya riga su ficewa. Wasu hukumomi sun karɓi wannan hujja suka gyara doka. Jihar Idaho ta Amurka tun 1982 ta yarda mai keke ya rage gudu ya duba a allon tsayawa, in ba kowa ya wuce. Faransa tun 2012 take liƙa ƙaramin allo a wasu danjoji mai ba shi damar shan kwanar dama a kan ja, da sharaɗin ya ba masu tafiya hanya. Kopenhagen, babban birnin Denmark, ta daidaita fitilun wasu titunanta yadda mai tafiyar kilomita 20 a awa zai riƙa samun kore a jere. Amma wanda ke ratsa tsofaffi da yara a wurin tsallaka titi yana kaɗa ƙararrawa ba shi da abin kare kansa. Hujjar nauyi da gudu da yake kafa wa direba ita ce ke hawa kansa a gaban mai tafiya a ƙasa. Zuwan keke mai batir ya ƙara dagula lissafin. Tarayyar Turai ta ce injinsa ya daina taimakawa a kilomita 25, amma akwai masu cire takunkumin, ga kuma masu kai saƙo da ake biyansu gwargwadon yawan abin da suka kai, tsarin da shi kansa yake koya musu ganganci.

Masu cewa titi na mota ne don su ke biyan haraji, tarihi bai goyi bayansu ba. Keken da muka sani yau, mai tayoyi biyu kusan daidai da sarƙa, John Kemp Starley ya fitar da shi a Coventry a 1885, Dunlop ya kawo tayar iska a 1888, kuma a Amurka ƙungiyar masu keke da aka kafa a 1880 ce ta ja gaba wajen matsa wa gwamnati ta gyara hanyoyi tun mota ba ta zama abin kowa ba. Birtaniya, inda aka fi jin wannan gori, ta raba harajin mota da asusun gina titi tun 1937. Daga baitulmali ake gina shi, kowa ya zuba.

Duk mai magana kan keke sai ya ambaci Holan, har wasu na ganin abin a jininsu yake. Ba haka aka yi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Holan ta bi sahun kowa: arziki ya ƙaru, motoci suka cika, aka rushe gidaje don faɗaɗa tituna, dandalin kasuwanni suka koma wurin fakin, hawan keke ya yi ta ja da baya. A 1971 kimanin mutum 3,300 suka mutu a titunan ƙasar, sama da 400 daga ciki yara. Iyaye suka fito ƙarƙashin gangamin Stop de Kindermoord, wato a daina kashe yara, suna toshe tituna suna zama a kan kwalta. Sai ga takunkumin man fetur na 1973, gwamnati ta hana tuƙi ranakun Lahadi, mutane suka ga yadda garinsu yake in ba mota. Daga nan aka shiga aikin shekaru gommai, gari bayan gari, ana yi ana faɗa.

Ƙa'idar da suka tsaya a kai a shekarun 1990 gajera ce: abubuwan da nauyinsu da gudunsu suka sha bamban ba a haɗa su a wuri ɗaya. Titin unguwa, kowa ya shiga, amma an matse shi an sa masa tudu da kwana yadda ko direban ya so ba zai ji daɗin wuce 30 ba. Titin da mota za ta yi 50 ko fiye, keke yana da tasa hanyar, da dakali a tsakani. A mahaɗa kuma sukan gina ɗan tsibirin kankare a kusurwa. Tsibirin yana tilasta wa mota ta sha kwanar a hankali, sannan an ja hanyar keken baya kamar tsawon mota ɗaya, yadda kafin direba ya iso ta ya riga ya miƙe, mai keken yana gabansa ta gilashi, ba sai ya waiwaya ba. Ka dubi tifar ɗazu, ka ga an cire mata tarkon gaba ɗaya. A ɓangaren diyya ma, in mota ta buge mai keke, inshorar direba ke biyan aƙalla rabin asarar ko da mai keken ne ya yi kuskure, in yaro ne ƙasa da shekara 14 kuwa duka, sai fa in da gangan ya jefa kansa. Yau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiyen ƙasar a keke ake yin su, kekuna sun fi mutane yawa, tashar jirgin ƙasa ta Utrecht kaɗai tana da wurin ajiye 12,500. Mark Rutte ranar da ya sauka daga kujerar firaminista a Yulin 2024, kekensa ya hau ya tafi. A wasu biranen ana raina mai keke don ana ganin talauci ne ya ɗora shi, a wasu kuma ana jin haushinsa don ana ganin ɗan gayu ne mai motsa jiki, amma inda kaka da ɗan firamare da minista ke bin hanya ɗaya, gorin ba ya samun wurin zama.

Bejin ta nuna abin yana iya juyawa baya. A tsakiyar shekarun 1980 fiye da rabin zirga-zirgar birnin a keke ake yi, zuwa 2010 ta faɗo ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar, bayan motoci sun cinye filin. Masu kafa hujja da zafin rana kuma su dubi Seville ta kudancin Sifaniya, garin da bazara ke haura digiri 40. Daga 2006 cikin 'yan shekaru ta shimfiɗa hanyoyin keke masu shinge, a haɗe da juna, sama da kilomita 100, mahaya suka ninka sau da yawa.

Su kansu masu keke ba bakinsu ɗaya ba. Tun shekarun 1970 wani injiniya mai suna John Forester ya yi ta wa'azi a Amurka cewa mai keke ya ɗauki kansa direba, ya shiga cikin motoci da ƙwarin gwiwa, ware masa hanya ƙasƙanci ne. Dabarun da ya koyar suna da amfani, daga cikinsu har da riƙe tsakiyar layi. Amma tsari ne da ya dace da ƙaƙƙarfan namiji mai taurin zuciya kawai. A 2006 Roger Geller, jami'in kula da harkar keke na birnin Portland, ya kasa mazauna garin gida huɗu, ya ƙiyasta cewa marasa tsoro ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, yayin da kusan kashi 60 suna sha'awar hawa, tsoron mota ne ya hana su. Waɗannan kashi 60 ɗin ba za ka fito da su da nasiha ba. Ba za ka fito da su da fenti ba ma. Farin layin da aka ja a gefen titi mai gudu, aka zana hoton keke a ciki, ba ya tare taya. Wani lokaci ma ɓarna yake yi, don direba na ganin muddin bai taka layin ba ya sauke nauyi, ko da tazarar taƙi biyu ce. Mafi muni shi ne layin da ke tafiya lafiya lau a inda ba hatsari, ya ɓace daidai bakin mahaɗa. A nan za ka ga direba da mai keke suna nuna wa juna yatsa, wanda ya zana titin yana ofis ba wanda ya san sunansa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Hular kwano tana rage raunin kai in an faɗi, wannan ba musu. Sai dai ba a ƙera ta don tayar tirela ba. Ostireliya ta wajabta ta tsakanin 1990 da 1992, Holan kuwa ba ta wajabta ba, yawancin mahayanta kai buɗe suke tafiya, kuma suna cikin waɗanda suka fi aminci a duniya in aka auna da nisan da suke ci.

Direba ma yana da kukan da ya kamata a saurara. Titi ba ya faɗaɗa don an so, duk hanyar keken da aka gina daga wani aka karɓe ta: layin mota ko wurin fakin. Mai tasi, mai kai kaya shaguna, magini da ke yawo da kayan aikinsa, naƙasasshen da ba ya iya taka feda, duk waɗannan ba don jin daɗi suke tuƙi ba. In aka ƙwace gefen titi ba a tanadi wurin sauke kaya ba, mai motar kayan zai tsaya a kan hanyar keken, rigima ta dawo sabuwa. Faris ta sha wannan hayaniya a zamanin magajiyar gari Anne Hidalgo, musamman da ta hana yawancin motoci bin titin Rivoli a 2020, ta kuma mayar da gudun mafi yawan titunan birnin 30 a Agustan 2021. Abin da direban da ke huci a gosulo ba ya lissafawa shi ne, wurin fakin mota ɗaya yana ɗaukar kekuna kusan goma, kuma kowane mahayi da ya sulale ta gefensa mota ɗaya ce da ba ta shiga gabansa ba.

Oslo, babban birnin Norway, ta bi wannan hanya da gangan. Ta cire wuraren fakin sama da 700 a tsakiyar birni, ta rage gudu, ta hana motoci ratsa wasu unguwanni da kewayen makarantu, 'yan kasuwa suna ta ƙorafin za a kashe musu ciniki. A 1975 mutum 41 suka mutu a titunanta. A 2019 babu mai keke ko mai tafiya a ƙasa ko ɗaya da ya mutu, mutum guda aka rasa a shekarar, shi ma direba ne da motarsa ta daki shinge.